Wankan Kurkum Ranar Shofa

Assalamu alaikum 'yan dandali, na Harra da na Azizya, har da masu leƙowa daga Makka su karanta su gudu ba sallama. Ku matso, yau akwai labari. Mai mura ya ɗan ja baya, don labarin na mura ne, kuma in kun gama ji, wallahi ba wanda zai sake ganin kurkum bai yi murmushi ba.

A Harra ta Yamma, shekarar 1999, an yi wani saurayi sunansa Hamid. Na ce saurayi don ladabi, shekararsa talatin da ɗaya. Yana aiki a teburin karɓar baƙi na wani hotal ɗin alhazai, bejarsa, 'yar na'urar karɓar saƙon kira, a ƙugu ko da ba mai kiransa, tob ɗinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa, kullum fari tas kamar yanzu aka ciro shi daga leda. Kakanninsa da ƙafa suka zo daga Kano, amma in ka yi masa Hausa sai ya ɗan karkata kai kamar ka yi masa Turkanci, sannan ya amsa maka da Larabci. Yana ji fa sarai. In ana gulmarsa da Hausa a ƙarshen layi, shi ne farkon juyowa.

Iyayensa sun rasu tun yana rarrafe, kakarsa Hajiya Fatna ce ta goya shi ta raine shi. Tsohuwa ce mai goro a kunci da murya kamar lasifika. Shekara hamsin tana Madina, Larabcinta ya fi na Hamid daɗi, amma ta ce bakinta ba ya hutawa sai da Hausa. Shi yana kiranta Sitti, ita tana kiransa Maigida, irin wasan kaka da jika.

Hajiya Fatna ce ta yi ta zirga-zirga wata uku har ta samo masa mata. Suhaila, malamar makarantar 'yan mata, 'yar Alhaji Maiturare mai shagon turare da kayan ƙamshi a Azizya. Mata sun gama nasu, saura shofa. Kun san shofa: a kai ka majalisin uban yarinya, ta shigo da tiren asir, wato ruwan 'ya'yan itace, ka gan ta, ta gan ka, minti goma ko sha biyar, halas, an gama. Ba a yi sau biyu. Kuma Maiturare ya faɗa tun farko, shi ba ruwansa, abin da Suhaila ta ce shi ne magana. Maza uku ta riga ta sallama da asir ɗinsu a hannu.

Aka sa rana, Alhamis bayan La'asar.

Litinin da safe Hamid ya tashi da murar alhazai. An gama Hajji, baƙi sun cika Madina, kowa ya zo da tarin ƙasarsu, duk suka haɗa suka sauke a kan teburin Hamid. Hanci ya zama famfo, ido ya yi ja, murya kamar an taka agwagwa, ga zazzaɓi yana kaɗa shi.

Hajiya Fatna ta dube shi ta ce, "Maigida, haka za ka je wa 'yar mutane, kana jan majina kamar ɗan yaye? Bari in dafa maka citta da kanumfari da masoro, ka sha, in yi maka sirace. Gobe war haka ka warke."

Hamid ya ɗaga hannu. Da Larabci ya ce, "Ya Sitti, don Allah. Muna shirin shiga shekara ta dubu biyu. Wannan jiƙe-jiƙen naku na Takari ku bar shi a can inda kuka baro shi."

"To, daktur. Allah ya ba da lafiya."

Ya sha ƙwayoyin saidaliyya, wato kantin magani, kala uku. Suka sa shi barci a tsaye har ya ba wani alhaji ɗan Indonesiya makullin ɗakin wata hajiya 'yar Masar. Mura kuwa ko gezau.

Talata yana zaune a bayan hotal yana fyace hanci, sai ga Abdulsalam. Abdulsalam mutumin Kerala ne ta ƙasar Indiya, shi ke wanki da guga a hotal ɗin shekara goma sha ɗaya, dattijo mai natsuwa, ba ya son yawan magana. Ya tsaya ya dubi Hamid, ya koma ɗakin guga, ya dawo da wani ƙunshi a takardar jarida mai rubutu zagaye-zagaye kamar taliya. A ciki gari ne ruwan ƙasa mai ƙamshi.

"Ayurbeda," in ji shi. "Maganin garinmu. Cokali ɗaya, ƙarami. Ruwa kofi huɗu, ka tafasa sai ya dawo kofi ɗaya. Safe, yamma. Ruwan sanyi, babu. Mukayyif, na'urar sanyi, babu. Cokali ɗaya, ya Hamid. Wahid."

Har yatsa ya ɗaga masa, ɗaya.

Jama'a, ku ga yadda Hamid ya riƙe ƙunshin nan kamar an ba shi fasfo na biyu. Ayurbeda! Sunan kawai ya sa ya ji hancinsa na hagu ya ɗan buɗe. Ya shiga gida yana taƙama, ya ajiye a gaban kakarsa.

"Sitti, kin ga ilimi. Daga Indiya. Shekara dubbai ana nazarinsa, akwai littattafai, akwai jami'o'i. Ba wai a shiga kicin a kwaso abin miya ba."

Hajiya Fatna ta ɗauka ta shinshina. Ta sake shinshinawa. Ta dangwala da yatsa ta ɗanɗana. Ta dube shi ta gefen ido, goro ya koma ɗaya kuncin, ta ce, "Uhm. Lallai ilimi."

Ya sha cokali ɗaya da yamma, ya sha ɗaya Laraba da safe. Da ya yi haƙuri da ya ga aiki, amma Hamid ya zaci abin Indiya kamar fim ɗinsu ne, a yi waƙa ɗaya komai ya daidaita. Laraba da rana ya dawo gida ya zube a kan katifa, yana atishawa biyar-biyar.

"Gobe ne fa, Sitti. Gobe! Na shiga uku."

A nan ne Hausa ta dawo masa. Kun lura, in wuya ta yi wuya ba ya cewa komai da Larabci.

Tsohuwa ta zauna kusa da shi ta dafa goshinsa. "Maganin ba shi da laifi, Maigida. Mai ba da shi ne bai iya ba. Wa ya taɓa shan magani da ɗan cokali kamar kwalli? Mutanen nan cikinsu ƙarami ne. Kai jinin Kano ne. Magani a wurinmu uku ake yi masa: a sha, a yi sirace, a yi wanka. Sannan a shafe jiki."

"Amma ba za ki sa naki ba ko? Na Indiya zalla."

"Na Indiya zalla. Ni ina ni ina ilimi?"

Ta duba ƙunshin ta ga ko tukunyar shayi ba zai cika ba, balle wanka. Sai ta ja abayarta, ta tari tasi, ta nufi Azizya. Shagon wa? Shagon wanda ya fi kowa kaya mai kyau a Madina mana, surukin gobe. Hamid yana can yana minshari bai sani ba.

Alhamis bayan sallar Asuba ta ɗora babbar tukunyar da ake dafa naman layya. Ta juye garin Abdulsalam duka, ta bi shi da nata ƙarin: citta, masoro, kanumfari, kirfa, da kurkum rabin kilo, don ta lura shi ne ya ba garin Indiya kala, ta ce to lallai a nan ƙarfin yake. Gidan ya ɗauki ƙamshi har maƙwabta suka aiko tambaya ko walima ake yi.

Hamid ya sha kofin silba biyu, hawaye na zuba. Ta zaunar da shi a kan kujera 'yar tsugunne, tukunya a gabansa, ta lulluɓe shi da bargo biyu da dardumar salla. Yana ihu daga ciki, "Sitti, zan mutu!" tana cewa, "Ja numfashi, Ayurbeda ce." Da ya fito ta miƙa masa bokiti ya shiga wanka da ruwan. Ya fito, ta kwaɓa tukar da ta kwanta a gindin tukunya da man riɗi, ta zaunar da shi, ta murje masa kai, wuya, bayan kunne, ƙirji da tafin hannu, da hannunta biyu, tana yi tana addu'a, kamar yadda take yi masa yana ɗan shekara uku. Ta rufe shi ya yi barci.

Kiran Azahar ne ya tashe shi. Ya ja numfashi, iska ta wuce fit har ƙwaƙwalwa. Zazzaɓi babu. Murya ta dawo. Ya yi tsalle ya ce, "Allahu Akbar! Kin gani, Sitti? Indiya!"

Sai ya je alwala ya ga hannunsa.

Tafin hannu rawaya. Farce rawaya. Ya buɗe baki a madubi, harshe kamar an soya ƙwai a kai. Fuskar dai da sauƙi, Allah ya rufa masa asiri da baƙar fata, sai wani ɗan sheƙi da take yi kamar kazar da aka jiƙa za a gasa. Ya wanke da sabulun wanka, ya wanke da na wanki, ya goga lemon tsami, ya goga toka. Kurkum ya ce ai nan na zo.

"Ba komai," ya ce wa kansa. "Hannu a aljihu. Baki a rufe. Minti goma ne."

Ya sa sabon tob da tela ya ɗinka musamman don ranar, ya ɗora farar gutra mai sitaci, ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa a kai, ya zazzage rabin kwalbar turaren udu a jiki. Hajiya Fatna ta shiga bayan motarsa Kresida da abayarta da safar hannu baƙa. Bai kunna mukayyif ba, ai Abdulsalam ya hana. Daga Harra zuwa Ranuna, unguwar da gidan Maiturare yake, cikin ranar Madina, gilashi a rufe don kada iska ta ɓata zaman gutra. Kafin su wuce masallacin Kuba, kofi biyun nan na citta da masoro sun fara aikinsu. Gumi ya ɓalle.

A ƙofar gida tsohuwa ta bi ta ƙofar mata, shi kuma Alhaji Maiturare ya tarbe shi. Maiturare dattijo ne siriri mai farin gemu, kuma duk Azizya an san hancinsa. Mutumin da ake kawo wa turare a kwalba ya faɗi abin da aka haɗa da wanda aka yi algus. Ya miƙo hannu, dole Hamid ya fito da nasa. Dattijo ya riƙe hannun ya ɗan daɗe, hancinsa ya motsa sau biyu.

"Marhaban, ɗana. Bismillah. Na ji an ce kana mura, shi ya sa na kashe mukayyif tun ɗazu."

Ya zaunar da shi kusa da kaskon turaren wuta, ya zuba masa shayi mai citta, mai zafi. Ƙin sha rashin kunya ne. Hamid ya sha.

Ku da kuka san kurkum kun san abin da yake yi in ya haɗu da gumi da farin yadi. Wuyan tob ya fara, siririn layi kamar an yi masa ado. Layin ya faɗaɗa. Gutra ta ɗauka daga goshi ta gangaro gefen kunne. Ƙirji ya fito da taswira. Hamid bai gani ba, ba madubi a majalisin. Yana zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana ba dattijo labarin yadda manajan hotal ba ya iya komai sai da shi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar ciki, wadda labule ya rufe. Suhaila ta shigo da tire.

Hamid ya ɗaga ido sau ɗaya ya ji duk Larabcinsa ya tsere. Doguwa, idonta a tsaye, irin na malamar da ta saba kama masu satar amsa. A zuciyarsa ya ce, ya Rabbi, wannan ko ita ko babu. Ta durƙusa ta miƙa tiren. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, hannu ya fito rawaya shar a kan farin tire. Ta dubi hannun, ta dubi wuyan tob, ta dubi gutra. Leɓenta ya ɗan yi rawa, ta danne. Ta koma kusa da babanta ta zauna.

Da Hausa ta yi magana, tsantsa. "Sannu da jiki. An ce ka sha fama."

Ya amsa da Larabci, bakinsa a tsuke don kada harshe ya fito. "Alhamdulillah, sauƙi ya samu."

Maiturare ya ce, "Ɗana, ba dai ciwon shawara ba ne ko? Na ga hannun."

"La, la, ya Ammi! Wannan alamar magani ce. Ayurbeda. Ilimin likitancin Indiya ne, mutanenmu ba su san shi ba tukuna. Wani ƙwararre ne ya rubuta mini, Daktur Abdulsalam."

"Daktur Abdulsalam," in ji dattijo, yana shafa gemu. "Ikon Allah. Ni ma na san wani Abdulsalam, gajere haka, mai guga a hotal ɗinku. Duk farkon wata yana zuwa shagona. Citta busasshiya, masoro, kanumfari, kirfa, ganyen raihan, ɗan kurkum kaɗan. Mutumin kirki. Maganinsa kuma yana aiki, ni kaina ina sha." Hancinsa ya sake motsawa. "Sai dai shi ba ya sa man riɗi. Kuma kurkum ɗinsa bai kai haka ba."

Jama'a, a nan Allah ya buɗe wa Hamid ƙofa, faffaɗa, har da fitila. Da ya yi dariya ya ce, "Wallahi Baba, kakata ce ta dafa ni kamar kaza," da an yi dariya an tashi lafiya. Suhaila ma ta tura masa ƙofar da hannunta. Ta ce, "Hajiya ba ta taimaka ba? Na ji an ce hannunta na da albarka."

Hamid ya gyara zaman gutrarsa mai ruwan ƙwai. Ya yi 'yar dariyar nan ta mutanen teburin hotal.

"Sitti? Allah ya ƙara mata lafiya, amma kin san tsofaffinmu. Goro da jiƙe-jiƙe, shi ke nan iliminsu. Ni ba na bari ta taɓa ni da irin waɗannan abubuwan. Ko kusa da maganin nan ba ta zo ba."

Ana jin turaren wuta yana ƙara a kasko.

Sai labulen ƙofar ciki ya motsa. Hannu ya fito, hannu kawai, ba fuska. Tsohon hannu mai jijiyoyi, an cire masa safa, rawaya shar tun daga farce har gwiwar hannu, ya fi na Hamid sau uku. Yana riƙe da ɗan tawul.

Muryar Hajiya Fatna ta biyo baya, a hankali, ba lasifika yau. Kuma da Larabci, mai kyau, irin na mutanen Madina na da.

"Ungo, daktur. Goge wuyanka, kana ɗiga a kan kafet ɗin mutane."

Hamid ya duba ƙirjinsa. Sai a lokacin ya gani.

Suhaila ba ta yi dariya ba. Wannan ne ma ya fi ba shi tsoro. Ta tashi, ta je ta karɓi tawul ɗin, ta riƙe hannun tsohuwar da hannu biyu ta sumbace shi, kurkum da man riɗi da komai. Ta ajiye tawul a gaban Hamid, ta ɗauki tirenta ta shige. Asir ɗinsa ko kurɓa bai yi ba, da ma an hana shi sanyi.

Maiturare ya raka shi har mota. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Jiya awa ɗaya ta yi a shagona tana zaɓar citta ɗaya-ɗaya. Ta ce jikanta zai zo ganin 'yata, ba ta so ya ji kunya."

Suka kama hanyar komawa. Wajen Kuba Hamid ya buɗe baki, da Hausa, ya ce, "Kaka..." Ta ce, "Kalli hanya." Ta ɓare goro.

Asabar da hantsi wayar gida ta yi ƙara. Maiturare ne, ya nemi Hajiya. Hamid yana tsaye a bayan ƙofa yana jin rabin magana. Da ta ajiye, ya fito.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba rabo."

"Saboda tob ɗin? Ai sai in sake wani! In je in yi bayani!"

"Ta ce tob ɗin ne ma ya fi burge ta a jikinka. Ta ce namijin da ya yi musun hannun da ya shafa masa mai da safe, tun man bai bushe ba, me zai ce a kanta ran da ta tsufa ta fara cin goro?" Tsohuwa ta gyara ɗankwali. "Amma ni an ce in riƙa zuwa shan shayi duk Alhamis. Kai za ka riƙa kai ni. Ka jira a mota."

Lahadi ya kai wa Abdulsalam tob ɗin a leda, a ɓoye. Abdulsalam ya ware shi a kan teburin guga, ya duba gaba, ya duba baya, ya ɗaga gutra sama ya kalle ta a hasken fitila. Ya dai ɗaga yatsa ɗaya, ya riƙe shi a gaban hancin Hamid.

"Wahid, ya Hamid. Na ce wahid."

Tob bai fita ba har yau, da shi ake goge Kresidar. Mura kuwa ba ta sake kama Hamid ba shekara biyu cur, wannan gaskiya ce, a ba Indiya haƙƙinta, a ba tukunyar layya nata.

Wadda ta kamu ita ce Hajiya Fatna, kwana uku bayan shofa, don ita ta sha tururin jikansa. Hamid ya ga dama ta samu ta gyara laifi. Ya ɗaura zani a kan wando, ya jawo tukunya, ya ce da Hausa mai kyau, "Kaka, kawo citta, yau ni zan dafa miki."

Ta leƙo daga cikin bargo, ido ja.

"Kai, rufa mini asiri. Je saidaliyya ka sayo mini ƙwaya biyu farare. Ina da shan shayi ran Alhamis, so kake in je gidan mutane kamar wainar ƙwai?"

To 'yan dandali, ga ku ga Hamid. In kai ne a majalisin nan, gumi na zuba, gutra ta koma ruwan ƙwai, yarinyar da kake so tana kallonka, me za ka ce da aka tambaye ka wa ya yi maka magani? Ku kuma 'yan mata, in ke ce Suhaila, za ki ba shi shofa ta biyu in kalar ta sake shi, ko a bar shi a mota? Ku faɗi gaskiya, kada kowa ya zo mini nan da Daktur Abdulsalam.